Yadda za ka auna sabon ɗan damben ajin masu nauyi kafin ka yi masa kirari

Da wuya shekara ta wuce ba a fito da wani matashi an ce shi ne magajin Mike Tyson ba. Guntun bidiyonsa na daƙiƙa talatin zai zagaya a WhatsApp, ka ga ƙato ya faɗi warwas, kafin a sauke shayi na biyu fadojin Damagaram daga Birni har Zango sun gama naɗa shi sarki. Bayan shekara biyu ko uku kuma sai ka nemi sunansa ka rasa. Ina son damben zamani ƙwarai, musamman ajin masu nauyi, kuma yana damuna in ga masu sha'awarsa suna yanke hukunci da abin da dillalan wasa suka zaɓa suka nuna musu. Akwai hanyar da mutum zai bi ya auna yaro da kansa, ba ta buƙatar komai sai waya, ɗan mega da haƙuri.

Da farko ka san inda ake. A damben ƙwararru, duk wanda ya haura kilo 90.7 ya shiga ajin masu nauyi, kuma babu iyaka a sama. Wasan kambu turmi 12 ne, kowane turmi minti 3, da hutun minti ɗaya a tsakani. Manyan hukumomin da ke ba da kambu huɗu ne: WBA, WBC, IBF da WBO. Sabon shiga yakan fara da wasan turmi 4, ya koma 6, sai 8, sai 10. Ka riƙe wannan tsani a ranka, don da shi za ka gane ko yaro yana hawa ne ko an ajiye shi wuri guda ana tara masa suna.

Mataki na farko: karanta tarihin wasanninsa, amma ta bayan takarda

Shiga shafin BoxRec ka rubuta sunansa. Za ka ga jerin duk wasannin da ya yi, da ranaku, da sunayen abokan karawa. Yawancin mutane suna tsayawa a layin sama: ya ci 15, ba a taɓa cinsa ba, 14 kisa ne. Wannan layin shi ne mafi ƙarancin amfani a shafin gaba ɗaya.

Abin yi shi ne ka latsa sunan kowane ɗaya daga cikin mutum biyar na ƙarshe da ya kara da su. Game da kowannensu ka nemi amsar tambaya huɗu. Shekarunsa nawa ranar wasan? A wasanninsa shida na baya kafin wannan, nawa ya ci? Asalinsa ɗan wannan ajin ne, ko ƙaramin aji ya baro ya tara teɓa? Sau nawa aka taɓa kashe shi kafin wannan ranar? Tambayar ƙarshe ita ce mai nauyi. In yaro ya kayar da mutumin da mutum goma suka riga suka kayar, bai gaya maka komai ba. In kuwa ya kayar da wanda ya saba kai manya har ƙararrawar ƙarshe, ko ya gama da shi da wuri fiye da yadda manyan suka yi, to ka sa alama.

Dalilin wannan bincike shi ne yadda sana'ar take. Mai shirya wasa ya zuba kuɗi a kan yaro, ba ya son a ci shi tun kafin ya fara kawo riba. Don haka akwai wasu ƴan dambe da aikinsu ke nan, a kira su, su zo su sha duka, a biya su, su koma gida. Ba laifi ba ne yaro ya fara da irinsu, kowa da su ya fara. Laifin shi ne ya kai wasa na 18 ko na 20 yana tare da su.

Dubi Jared Anderson na Amurka. Ya ci wasa 17 a jere, 15 da kisa, ana ta cewa shi ne zai dawo wa Amurka da kambu. A watan Agusta na 2024 aka haɗa shi da Martin Bakole ɗan Kwango, mutumin da manya da yawa ke kauce wa, sai Bakole ya gama da shi a turmi na 5. Haka Arslanbek Makhmudov, wanda ya ci 18 babu faɗuwa kuma kowa ke tsoron hannunsa, Agit Kabayel na Jamus ya bi cikinsa da naushi ya tsayar da shi a turmi na 4 a Disamban 2023. David Price na Ingila ma ya ci 15 a jere, sai tsoho Tony Thompson, mai shekara sama da 40, ya kashe shi sau biyu a cikin 2013. Duk ukun, layin sama na takardarsu fes yake. Wani lokaci ma nasarar ba ta da dambe a cikinta ko kaɗan: a 2018 Efe Ajagba na Najeriya ya samu nasara a kan Curtis Harper cikin daƙiƙa ɗaya, saboda Harper ya fice daga fage da aka kaɗa ƙararrawa. A takarda nasara ce kamar kowace.

Mataki na biyu: kalli wasa cikakke, sau biyu, na biyun babu sauti

Ba a sayen rago a hoto, sai an lalube shi. Ka bar guntayen bidiyon kisa, ka nemi cikakken wasa a YouTube, kuma ka zaɓi wanda ya fi daɗewa a cikin wasanninsa, ba wanda ya fi armashi ba. Wasan da ya kai turmi 8 yana fama ya fi koya maka abu fiye da kisa goma na turmin farko. Kallon farko ka yi shi don jin daɗi. A na biyu ka kashe sauti, domin masu sharhi galibi ma'aikatan tashar da ke tallata yaron ne, kuma ihun ƴan kallo yakan sa naushin da ya sauka a kan safar hannu ya zama kamar ya shiga.

Fara da ƙafafu. Turmi guda cur kada ka dubi hannunsa. Yana harɗe ƙafa in yana tafiya? In ya kai naushin dama, jikinsa yana rinjaya gaba har ya kusa tuntuɓe? In abokin karawa yana zagaye fage, yana tare masa hanya ne ko yana bin sa a baya? In aka matsa masa, baya yake ja a miƙe har ya jingina da igiya, ko yana gocewa gefe? Mai ja da baya a miƙe, haɓa a sama, ranar da ya gamu da mai dogon hannu ranar zai kwanta.

Sai hannun gaba. Mu da muka tashi da kallon damben gargajiya mun saba hannu ɗaya ne ke ɗaure da kara, ɗayan kuma na tsaro ne da auna tazara, shi ya sa idonmu ke zuwa kan hannun kisa. A damben zamani hannun gaba shi ne ke cin wasa. Da shi ake zungurar mutum a hana shi shiri, da shi ake tara maki a wajen alƙalai uku, da shi ake buɗe ƙofar babban naushi. Ka ƙirga sau nawa yake jefa shi a turmi, ka kuma duba inda hannun ke komawa bayan ya jefa. In yana komawa ƙugu maimakon kunci, wannan ƙofa ce a buɗe. Wladimir Klitschko ya riƙe kambu daga 2006 zuwa 2015, kuma mafi yawan aikin hannun hagunsa ne ya yi shi. Joe Joyce ma da hannun gaba ya rufe idon Daniel Dubois a 2020.

Daga nan ka duba ko yana dukan ciki. Matasa masu ƙarfi kai kawai suke nema, don shi ke kawo ihu. Kabayel da dukan ciki ya durƙusar da Makhmudov, da Frank Sanchez a 2024, da Zhang Zhilei na Sin a 2025. Yaron da ya san ya sauko da hannu ƙasa tun yana ɗan shekara 22, an koya masa dambe da gaske.

Abu na ƙarshe a wannan kallo: me yake yi bayan ya gama jefa naushi? Wasu tsayawa suke yi cak suna kallon aikinsu. Gwani yana jefawa ya kauda kai ko ya sauya wuri, don ya san ramuwa na tafe.

Mataki na uku: me ya faru ranar da aka dake shi?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne na fi so ka daɗe. A ajin masu nauyi kowa yana da hannun da zai kayar da kowa. Mutum mai kilo 110 in ya same ka daidai a haɓa, ko wane ne kai za ka ji. Lennox Lewis, wanda yana cikin gwanayen da aka taɓa yi, naushi ɗaya ya kayar da shi a hannun Oliver McCall a 1994, naushi ɗaya kuma a hannun Hasim Rahman a 2001 a Afirka ta Kudu. Saboda haka tambayar ba ita ce ko za a same shi ba. Za a same shi. Tambayar ita ce abin da zai yi a daƙiƙa ashirin da ke biye.

Nemi wurin da aka taɓa girgiza shi, ka maimaita wurin sau da yawa. Mai hankali yana rungume abokin karawa, ya danne shi da nauyinsa, ya ci lokaci har kansa ya dawo. In ya faɗi, ba ya zabura ya miƙe don kunya; yana durƙusawa ya saurari ƙirgar alƙali har takwas sannan ya tashi. Marar ƙwarewa kuwa zuciya ke ɗibarsa, ya tsaya musayar naushi da ƙafafun da ba su ɗauke shi, a ƙarasa shi. Anthony Joshua ya nuna fuska biyun duka. A 2017 a filin Wembley na Landan Klitschko ya kayar da shi a turmi na 6, ya tashi, ya lallaɓa ya huta cikin wasan, ya gama da Klitschko a turmi na 11. A Yunin 2019 kuwa, da ya kayar da Andy Ruiz a turmi na 3 sai ya yi gaggawar ƙarasawa, Ruiz ya same shi, bai sake dawowa daidai ba har aka tsayar da wasan a turmi na 7.

In ka bincika duka wasannin yaro ba ka ga inda aka taɓa samun sa ba, kada ka rubuta cewa haɓarsa ƙarfe ce. Rubuta cewa ba a gwada ba tukuna. Wannan bambancin shi ne ya raba mai kallo da mai sani.

A ɗaya gefen kuma, kada ka binne yaro don an ci shi sau ɗaya. Wannan ɗabi'ar tana ba ni haushi, don zalunci ce. Lokacin da Dubois ya durƙusa a turmi na 10 a gaban Joyce yana ɗan shekara 23, da ƙashin kwarmin idonsa a karye, mutane da yawa sun ce ba shi da zuciya. Shi ne a Satumban 2024 ya kashe Joshua a turmi na 5 a Wembley yana riƙe da kambun IBF. Klitschko an tsayar da shi sau uku, a 1998 da 2003 da 2004, kafin shi da mai horarwa Emanuel Steward su gyara salonsa, ya yi mulkin kusan shekara goma. Abin dubawa bayan faɗuwa shi ne: ya gyara abin da ya kayar da shi? Ya koma karawa da mutanen kirki, ko ya koma kan masu zuwa karɓar kuɗi?

Mataki na huɗu: numfashi

Wasan kambu minti 36 ne na dambe. Jiki mai kilo 110 yana shan iska da yawa, kuma tsokar da ta yi kumburi ta fi sha. Matasanmu masu ɗaga ƙarfe a Kara-Kara da sauran unguwanni sun san ƙarfi, amma ƙirji mai faɗi da damtse mai kauri ba su ne dambe ba. Wani lokaci ma su ne ke cinye mai su. A Kinshasa a 1974 George Foreman ya fi Muhammad Ali ƙarfi nesa ba kusa ba, ya yi ta duka har ya ƙare, Ali ya kayar da shi a turmi na 8.

Gwajin mai sauƙi ne. Ƙirga naushin da ya jefa a turmi na 2, ka ƙirga na turmi na 7 ko na 8. In ya ragu da rabi, akwai matsala. Duba bakinsa ko a buɗe yake, duba ko hannuwansa sun sauka, duba ko shi ne ke fara runguma. Ka kuma kalli yadda yake zama a kusurwa lokacin hutu, ko yana sauraron mai horarwa ko kansa na ƙasa.

Game da girman jiki, kada ya ruɗe ka. A karawarsu ta biyu a Riyad a Disamban 2024, Tyson Fury ya fi Oleksandr Usyk da kusan kilo 25, Usyk ya ci shi a wajen alƙalai uku duka. Abin da nauyi ke gaya maka da gaske shi ne tarbiyya. BoxRec yana nuna nauyin ɗan dambe a kowane wasa. In yana hawa da sauka da kilo bakwai ko takwas tsakanin wasa da wasa, yaron ba ya zama a wurin horo. Ruiz bayan ya ci Joshua ya zo karawa ta biyu da ƙarin kusan kilo 7, ya mayar da kambunan cikin wata shida.

Mataki na biyar: inda ya fito da waɗanda ke bayansa

Lambar Olamfik abin girmamawa ce. Mu a Nijar mun san darajarta, tun da lambarmu ta farko a dambe aka samo ta, tagullar Issaka Daboré a Munich a 1972. Wanda ya daɗe a damben share fage, wato irin na Olamfik da ake yi kafin a zama ƙwararre, yakan zo da ƙafafu masu kyau da ido. Usyk da Joshua duk sun ci zinare a Landan a 2012. Sai dai wancan damben turmi 3 ne kawai, minti tara. Audley Harrison ya ci zinare a 2000 bai taɓa riƙe kambun duniya ba. Tony Yoka na Faransa, wanda da yawanmu muka bi wasanninsa a Canal+, ya ci zinare a Rio a 2016, amma Bakole ya ci shi a Paris a 2022, Carlos Takam haifaffen Kamaru ya ci shi a 2023, Ryad Merhy ya ƙara masa a ƙarshen shekarar. Fabio Wardley kuwa bai yi damben share fage ba sam, ga shi ya tsayar da Joseph Parker a turmi na 11 a Oktoban 2025. Ka ɗauki lambar a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu.

Sannan ka duba sau nawa yake wasa. Matashi mai tasowa ya kamata a gan shi sau uku ko huɗu a shekara. In ya yi wata goma sha biyu shiru, akwai rauni, ko rigimar kwangila, ko wata matsala. Duba ko yana yawan sauya mai horarwa. Duba ko an taɓa dakatar da shi kan gwajin ƙwayoyi; Yoka ya rasa shekara guda a 2018 saboda ya kasa bayyana a gwaji sau uku, kuma shekarar koyo ce ya rasa. Shekarun haihuwa kuma a wannan ajin ba su da gaggawa kamar a ƙananan azuzuwa. Mike Tyson ya ɗauki kambu yana ɗan shekara 20 a 1986, amma shi daban ne. Yawancinsu sai sun kusa 30 suke nuna, Foreman ma ya sake ɗaukar kambu yana da 45 a 1994. Yaro ɗan 23 da ake tafiya da shi a hankali bai makara ba.

Mu gwada a kan mutum guda

Sunan da ya fi yawo a fadoji shi ne Moses Itauma, bahago, haifaffen Disamban 2004, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa ƴar Sulobakiya, yana dambe da tutar Birtaniya. A Disamban 2024 ya kashe Demsey McKean a turmin farko, a Agustan 2025 kuma ya yi wa Dillian Whyte haka a Riyad. Mu ɗauke shi yadda yake a ranar da ya gama da Whyte.

Ƙafafunsa da saurin hannunsa, ni ban ga na biyunsu a matasan ajin ba. Ba ya jefa naushi barkatai, yana zaɓa, yana sauya wuri bayan ya jefa. A mataki na biyu ya ci maki cikakke. A mataki na farko sai an yi adalci: Whyte babban suna ne, amma yana da shekara 37 a lokacin, kuma Joshua da Alexander Povetkin da Fury duk sun riga sun tsayar da shi. Abin yabon shi ne babu ɗayansu da ya yi hakan a turmin farko. A mataki na uku da na huɗu kuwa shafin fari ne. Har zuwa wannan wasan bai taɓa wuce turmi 6 ba, kuma ba a ga wanda ya same shi da naushi mai girgizawa ba. Don haka hukuncina a kansa a lokacin shi ne: baiwa ta gaske, tambaya biyu ba a amsa ba.

Haka za ka yi wa kowane sabon suna, ko Bakhodir Jalolov na Uzbekistan mai zinare biyu na Olamfik, ko wani da zai ɓullo gobe. Samu ɗan littafi, ka ba kowane yaro shafi guda, ka raba shi gida uku: abin da ka gani da idonka, abin da ka ji ana faɗa, da abin da ba a gwada ba. Duk lokacin da aka sanar da wasansa na gaba, ka buɗe shafin ka duba ko abokin karawar zai iya taɓa gida na uku. In mutum ne mai haɓa da zai kai shi turmi na 9, ko mai hannu da zai iya girgiza shi, wannan wasan ya cancanci ka hana idonka barci, ko da na Amurka ne da ake yi gab da asuba. In kuwa wani ne da aka kashe sau uku a wasanninsa biyar na baya, ka kwanta abinka, da safe ka duba sakamako, kada ka ƙara komai a shafin.